Kiwon da Ya Karɓe Mu

Hausawa na cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Daga cikin abokan aikinmu akwai wanda ya ba da ransa ga tara tsofaffin rubuce-rubucen ajami, akwai mai tara faya-fayan garmaho na makaɗan da, akwai kuma wanda ba ya bari kan sarki ko kwabo mai huji ya wuce shi. Duk waɗannan idan aka ambace su a ɗakin hutawar malamai, sai a ga ana gyaɗa kai cikin girmamawa. Mu kuwa da zarar an zo kanmu sai dariya ta ɓarke, domin kiwon da ya karɓe mu shi ne tara tsofaffin injunan shara, wato na'urorin nan masu aiki da lantarki da ke zuƙe ƙura daga kafet, tare da mahaɗansu na wanke kafet da kumfa. Har wani daga cikin malaman ya taɓa cewa maƙwabcin mai akuya ya fi mu dabara, don shi kura ya saya, mu kuwa ƙura. A halin yanzu muna da guda 11 a ɗan ɗakin da ke bayan gidanmu a Ibadan, bakwai na aiki, huɗu kuwa sai dai kallo. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani al'amari da ya auku a masallacin unguwarmu, wanda ya tilasta mana tambayar kanmu amfanin abin da aka tara aka kulle. Amma kafin mu kai can, ya kamata mai karatu ya san yadda aka haihu a ragaya.

Wata ranar Asabar ce cikin shekarar 2014 muna zaune a ƙofar gida, sai ga wani matashi ɗan gwangwan, mutumin wajenmu, ya turo kurarsa cike da tarkacen ƙarafa. A saman tarkacen muka hango wani abu mai ƙyalli, da dogon mariƙi da jar jaka ta ƙyalle. Muka tsai da shi, muka tambaye shi ko mene ne wannan. Ya ce, “Wallahi Baba ban sani ba. Abin da na sani dai dalma ce zalla, masu zubin tukwane zan kai wa su auna.” Muka ɗaga abin muka ji nauyi, muka goge gabansa da bakin riga, sai ga suna ya bayyana: Kirby. Ba mu san komi game da sunan ba a lokacin. Abin da kawai ya tsaya mana a rai shi ne, nan da kwana biyu za a narka wannan kyakkyawan abu a mai da shi tukunyar miya. Muka ninka wa yaron abin da yake sa ran samu, ya karɓa yana kallonmu kallon wanda ya gamu da mai taɓin hankali.

Rashin sani ya fi dare duhu. A daren nan da aka kawo wuta muka canza masa filogi muka soka a bango. Injin ya yi wata irin kururuwa ta ɗan lokaci, sai hayaƙi da ƙaurin waya suka cika falo. Sai daga baya wani mai naɗin kwayil a Mokola ya fahimtar da mu cewa kayan Amurka an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 120, tamu kuwa 230 ce, saboda haka ba a haɗa su sai da taransifomar rage ƙarfin wuta. Abin da aka ƙera shekaru kusan arba'in da suka wuce, ya ƙetare teku lafiya, ya kuɓuta daga wutar maƙera, mu muka ƙone shi cikin minti guda. Kuɗin gyaransa ya fi kuɗin sayensa, amma kunyar abin da muka aikata ita ta sa muka shiga bincike a kansa, binciken kuma ya ja mu har inda muke yau.

Tarihin injin shara yana da ban sha'awa, domin ya fara ne da tambaya mai sauƙi: a hura ƙura ko a zuƙe ta? A shekarar 1901 wani injiniya Bature mai suna Hubert Cecil Booth ya ga ana gwajin wata na'ura a Landan wadda ke hura iska don ta kori ƙura, ya lura ƙurar tashi kawai take yi ta koma inda ta fito. An ce ya shimfiɗa hankici a kan kujera, ya kafa baki ya zuƙa, da ya ɗaga sai ya ga dauɗa ta manne a jikin hankicin. Injin da ya ƙera bayan haka ƙato ne, doki ke jansa, a bakin titi ake ajiye shi a zura dogayen mesa ta taga. Da shi aka share shimfiɗun majami'ar Westminster gabanin naɗin Sarki Edward na Bakwai a 1902. Wanda ya mai da abin ɗan ƙarami har mutum ɗaya ya iya tura shi kuwa, wani talaka ne mai shara a wani kanti a garin Canton na jihar Ohio a Amurka, James Murray Spangler. Mutumin yana fama da ciwon asma, ƙurar aikinsa kuma tana tayar masa da shi. Ya haɗa ƙaramar farfela mai lantarki da akwati da rigar matashin kai da sandar tsintsiya, ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1908. Da yake ba shi da jari, sai ya sayar wa William Henry Hoover, mai sana'ar kayan dawaki na fata, wanda zuwan mota ya fara yi wa kasuwarsa barazana. Har gobe a Ingila sunan Hoover ake kiran injin da shi, Spangler kuwa sai masu tono irinmu ke tunawa da shi.

Namu na farko, wanda muka ƙone, ƙirar kamfanin Scott da Fetzer ne na birnin Cleveland, waɗanda suka fara sa sunan maƙerinsu Jim Kirby a kan injunansu a 1935, kuma gida-gida dillalansu ke bi suna gwada wa mutane. Samfurin da ke hannunmu shi ne Classic III, wanda ya fito a 1976. Bayansa muka sami Electrolux mai siffar doguwar ganga kwance, wanda ake ja a kan ƙarafa biyu maimakon taya, irin fasalin da aka san samfurinsu na 1937 da shi. Muka sami Hoover Constellation, mai kama da ƙwarya biyu da aka kife wa juna, wanda iskar da yake fitarwa ta ƙarƙashinsa ke ɗaga shi ya riƙa sulɓi a kan daɓe. Muka kuma sami Vax mai ruwan lemo, irin wanda aka fara sayarwa a Ingila a 1979, mai fesa ruwa a kafet ya sake zuƙe shi. A hankali muka gane cewa ba mu kaɗai ne masu wannan lalura ba: a Amurka masu tara injunan shara sun kafa ƙungiya tun 1983, a garin Pocatello na jihar Idaho kuma an buɗe gidan adana kayan tarihi na tsabta a 2011.

Sai dai duk mai wannan sha'awa ya san cewa samun injin ba shi ne wahala ba, mahaɗansa ne. Gangar jikin ƙarfe ce, tana jure shekaru. Mahaɗan kuwa, musamman na wankin kafet, yawancinsu roba ne, ƙanana ne, a kwali dabam ake ajiye su, kuma su ake fara zubarwa idan an tashi ƙaura ko an zo rabon gado. Na Kirby, wanda suka kira Rug Renovator, ya fito ne a shekarun 1960, kuma hikimar da ke cikinsa abar a tsaya a duba ce. Ana cire bakin injin na gaba a ɗaura wani faranti mai buroshi, a maƙala bel ɗinsa a sandar da ke juyawa. Ana cire jakar ƙura, a sa ɗan tanki a mafitar iska, a zuba masa ruwan ɗumi da sabulun ruwa. Iskar da injin ke fitarwa ita ke ratsa tankin, ta tura ruwan sabulun ta cikin wata 'yar raga, ya fito kumfa, ya gangaro ta mesa zuwa farantin. Buroshi ya cusa kumfar cikin gashin kafet, a bar ta ta bushe, sannan a mayar da bakin shara a zuƙe dauɗar. Ke nan kafet ba ya jiƙa sharkaf, kumfa ce ke aikin, ruwa kaɗan ne.

Shekara uku muka yi muna neman wannan mahaɗi. Duk lokacin da wani taro ya kai mu Legas sai mun ratsa kasuwar Alaba, mun bi rumfunan masu kayan tokumbo muna nuna hoto. Mai nema yana tare da samu. A 2017 muka tarar da shi a ƙarƙashin tarin tukwanen lantarki, cikin kwalinsa, da 'yar takardar bayaninsa, ko sau ɗaya ba a taɓa zuba masa ruwa ba. Mai rumfar ya ɗauka kayan injin markaɗe ne. A wurin masu tarawa, abin da ba a taɓa amfani da shi ba shi ne sarki, darajarsa tana cikin rashin taɓuwarsa. Muka kawo shi gida a kan cinya, muka naɗe shi da leda, muka ɗora a saman kanta, muka kafa doka cewa ko yaranmu ba mu yarda su buɗe ba.

Maiɗakinmu ba ta taɓa ɓoye ra'ayinta ba. Takan ce, “Malam, injin shara goma sha ɗaya a gida, amma kullum safiya da tsintsiyar kwakwa nake duƙawa, don ba wuta. Kuma kafet ɗin da za a share ma tun yaushe muka cire muka sa tayil?” Gaskiyarta. Waɗannan injuna 'ya'yan ƙasashen sanyi ne, inda ake lulluɓe ɗaki da kafet daga bango zuwa bango. Iyayenmu daɓe suka sani da tabarma da buzu, abin da za a ɗauka a kakkaɓe a shanya a rana. Kafet ya yawaita a gidajen ma'aikata ne a zamanin arzikin man fetur na shekarun 1970, daga baya leda ta karɓe, yanzu kuma tayil. Muka taɓa ƙoƙarin kare kanmu da ilimi, muka gaya mata cewa wata masaniyar tarihi, Ruth Schwartz Cowan, ta nuna a littafinta na 1983 cewa irin waɗannan na'urori ba su rage wa matan Amurka aiki kamar yadda aka zata ba, ma'aunin tsabta suka ɗaga, aikin kuma ya tattaru a kan uwargida ita kaɗai. Ta ce to ai ita ba ta bukaci littafi ba kafin ta san haka.

A watan Sha'aban na shekarar 2019, ruwan farkon damina ya yaye wani sashe na rufin masallacin unguwarmu, ya jiƙa kafet ɗin sahu huɗu. An gyara rufin, amma kafet ɗin ya ɗauki wari. Dogo ne, mai nauyi, an kuma manne shi da daɓe. Wanda ya san Ibadan ya san cewa idan aka kwara wa irin wannan bokitan ruwa a wannan lokaci, ba zai bushe ba sai ya yi fumfuna. Kuɗin da masu sana'ar wanki suka nema kuwa ya fi ƙarfin asusun masallaci, ga azumi ya ƙarato, ga tarawihi da tafsiri. Ashe maiɗakinmu ta tsegunta wa matar ladan abin da ke ɗakin baya. Bayan sallar la'asar ladan ya tare mu ya ce, “Dakta, an ce Allah Ya hore maka injin da ke wanke kafet ba tare da ya jiƙa shi ba. Jama'a na neman alfarma.”

A nan ne za mu faɗi abin da ba mu so faɗa ba. Muka dubi dattijon nan muka ce masa injin tsoho ne, ba lalle ya yi aiki ba, amma za mu ba da gudummawar kuɗi. Maganar ba ƙarya ce tsagwaronta ba, domin kuwa ba mu taɓa gwada mahaɗin ba, sai dai mun san abin da zuciyarmu ta nufa. Ladan ya yi godiya, ya yi mana addu'a, addu'ar kuwa ta fi zagi ciwo. Kwana uku muna ɗora goshi a kan kafet ɗin nan sau biyar a yini. A rana ta uku da asuba muka tsaya kusa da wani tsoho mai sayar da goro, wanda ke fama da asma. Da aka yi sujada muka ji ƙirjinsa na kuka kamar ana jan zarto, bayan sallama ya fita waje ya dafa bango yana tari. Muka tuna Spangler, wanda saboda irin wannan tari ya ƙera kakan abin da muka kulle a leda. Akwai wani gajeren labari na Raymond Carver a cikin littafinsa na 1976, shekarar da aka fitar da injinmu, inda dillalin injin shara ya shiga gidan wani marar aikin yi da sunan kyautar shara da wankin kafet, yana nuna masa cewa ƙurar da ke katifarsa ɓurɓushin jikinsa ne. Mun sha koyar da ɗalibai yadda ake gano abin da marubuci ya ɓoye a ƙarƙashin magana, sai ga shi mun kasa karanta kanmu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da safiyar Asabar muka ɗauko Kirby da kwalinsa da taransifoma, matasa suka tayar da janareton masallaci. Muka fara share kafet ɗin a bushe, jakar ta cika har sau uku. Sannan muka yage ledar, muka harhaɗa mahaɗin muna duba takardar bayani, hannunmu na rawa. Da aka kunna, farar kumfa ta fara malalowa cikin faranti, yara suka sa sowa, dattawa suka matso. Bayan shekara arba'in da 'yan kai a kwali, abin ya yi aikin da aka ƙera shi dominsa kamar jiya aka yi shi.

Liman yana tsaye yana kallo, sai ya yi gyaran murya ya ce, “Dakta, wannan kumfa da me aka haɗa ta?” Muka ce ruwa ne da sabulu. Ya ce, “To, madalla, za ta fitar da dauɗa. Amma ka san akwai wurare biyu a sahun baya inda yara suka yi fitsari. Ruwan da sabulu ya canza masa launi ko ƙamshi mai tsarki ne a kansa, amma ba ya tsarkakewa. Najasa sai da ruwa zalla, a yi ta zubawa har ya rabu da wurin bai canza ba.” Wannan karatu ne da muka yi tun muna yara a Ishmawi, amma ɗokin injin ya mantar da mu. Waɗanda suka ƙera Kirby tsabta suka sani, ba su san tsarki ba, kuma harshenmu ya raba kalmomin biyu tun kafin a haife su. Muka aika gida aka ɗauko Vax, muka wanke tankinsa sarai, muka cika shi da ruwan rijiya ba tare da ko ɗigon sabulu ba. Aka yi ta fesawa ana zuƙewa, liman na duba abin da ke dawowa, har ya ga ruwan ya fito garau, ya ce ya wadatar. Muka bar wurin da fanka biyu a kansa.

Saura rabin sahu a gama, wani yaro ɗan shekara goma ya zo wucewa da gudu, ƙafarsa ta harɗe waya. Injin ya kife, tankin ya bugi ginshiƙi. Robar da ta shekara arba'in ba ta da sauran danƙo, nan take ta tsage daga baki har gindi, ruwan sabulu ya malale. Masallaci ya yi tsit. Yaron ya durƙusa yana kuka yana cewa, “Baba, ka yi haƙuri.” Mun buɗe baki za mu yi magana, Allah Ya sani ba mai daɗi ba ce, sai wani abu ya faɗo mana a rai wanda ya rufe bakin.

Mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, tana da jere irin na matan da: kwalla da langa da tasoshi, an ɗora su bisa juna tun daga ƙasa har kusa da rufi. Duk Juma'a sai ta sauke ta goge. Muna yara mukan ɗauka ado ne kurum. Amma babu suna ko biki ko zaman makoki da za a yi a unguwa ba a zo aron kwanukan Inna ba, kuma a gindin kowane akwai ɗigon jan fenti, shaidar da za a gane nata a mayar mata. Da wuya a sami wanda ba shi da tabo inda fentin tangaran ya ɓantare. Idan aka dawo mata da sabon tabo, takan juya kwanon ta ce wannan na sunan wane ne, ta mayar da shi mazauninsa. Da ta rasu a 2013, babu wadda ta so kwanukan a cikin matanmu da 'yan'uwanmu mata, zamani ya wuce su. Aka kira 'yan gwangwan suka auna a sikeli, aka raba kuɗin cikin gado. Mu ne babba, mu muka yi cinikin. Shekara guda bayan haka muka tsai da wani yaro da kurarsa a ƙofar gida, muka biya ninki don kada a narka abin da ba mu ma san sunansa ba. Sai a ranar nan, a tsakiyar masallaci, da fasasshen tanki a hannu, muka ga zaren da ya haɗa abubuwan biyu. Mun gaji tarawa daga Inna, amma mun bar rabin gadon a baya, domin ita ba ta taɓa kulle nata ba.

Muka ɗaga yaron muka ce ya je ya sayo gam. Aka liƙe tankin, aka naɗe shi da tsinken roba na tsohon tub, aka ƙarasa rabin sahun yana ɗiga. Kafin magariba kafet ya bushe, aka bi shi da shara ta ƙarshe. A daren farko na tarawihi tsohon nan mai goro ya tsaya a sahun gaba har aka idar.

A ma'aunin masu tarawa, abin da ke hannunmu yanzu ba shi da sauran daraja: an yi amfani da shi, ya tsage, kwalin ma ya jiƙe. Ba za mu ce abin bai dame mu ba, har yanzu idan muka ga tabon gam ɗin sai mun ji wani abu ya soke mu. Amma tun daga wannan shekara, duk Sha'aban ladan kan aiko, masallatai biyu na maƙwabta su ma sun shiga layi, yaron da ya fasa tankin kuwa shi ne yanzu ya fi kowa iya ɗaura bel. Maiɗakinmu ce ta kawo shawarar da muka bi daga ƙarshe. Ta sayo ƙaramin gwangwanin jan fenti, muka kifa injunan nan ɗaya bayan ɗaya, muka ɗiga wa kowane a gindi.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya kai haske kabarinta, mu kuma Ya sa abin da muka tara ya zama shaida gare mu, ba a kanmu ba. Amin.